Accord 2004 tana jinkirin shiga giya in ta ɗau zafi, wa za a kai wa a Zariya?

Baban Nana: Assalamu alaikum 'yan uwa. Accord ɗina ce ta 2004 mai silinda huɗu. Da safe lafiya lau take tafiya, amma da ta ɗau zafi, musamman in na shiga cunkoson Kwangila, sai ta ƙi shiga giya ta uku da wuri. Inji ya yi ta kuka, mota ba ta ja, can sai ta shiga da bugu. Jiya da yamma kuma fitilar D ta fara ƙiftawa. Makanikena ya ce giyabos ya tafi, in nemo Beljiyam. Wa ya san mai gyaran otomatik na amana a nan Zariya, ko kuwa sai Kaduna?

Abu Sadik: Wa alaikumus salam. Allah ya kawo sauƙi. Ya sa mata na'urar gano matsalar mota kafin ya yanke wannan hukuncin?

Baban Nana: Bai sa ba. Zagaye ɗaya muka yi da shi zuwa PZ muka dawo.

Abu Sadik: To bai gama aikinsa ba.

Injiniya Samaru: Baban Nana, kafin ka fitar da ko sisi, duba man giyar da kanka. Honda ba kamar Toyota ba ce, ita a kashe ake aunawa. Bari ta yi zafi, ka tsaya a wuri mai lebur, ka kashe inji, ka zaro gejin auna man giya mai kan rawaya, kada ka wuce minti ɗaya da rabi. Ka goge, ka mayar, ka sake zarowa. Ka ga inda man ya tsaya, ka ɗiga shi a farar takarda, sannan ka shinshina. Ja mai haske lafiya ne. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, fayiba, wato faifan kulochin da ke cikin giyar, ta fara ci. Ita kuwa fitilar D da ke ƙiftawa, kwamfutar motar ce ta ajiye lambar matsala, kuma duk motar Amurka daga 1996 tana da wajen jona na'ura a ƙarƙashin sitiyari. A karanta lambar tukuna.

Ɗan Kano: Ku Zagezagi da son Honda. Ku sayi Toyota ku huta mana.

Na Gyallesu: Kai Bakano, je ka ji da gwanjonka a Ƙofar Ruwa, manya na magana 😂

Alhaji Tudun Wada: Ɗan Kano, ai ni Toyotar ce ta sa na kusa barin hawa mota. Baban Nana, saurara da kyau ka ji abin da ya same ni, don kada a maimaita maka.

Camry ce ta 2003, wadda kuka sani. Ta fara fizga tsakanin giya ta biyu da ta uku, daga baya in na sa ribas sai na jira kafin ta kama. Na kai wa wani makanike da ake ta yabo, ba zan faɗi garejinsa ba. Ko bonet bai buɗe sosai ba ya ce Alhaji giya ta mutu. Aka nemo Beljiyam, mai kayan ya shafa fenti a kan kusoshi ya ce in an kwance babu ruwansa. Aka ɗora, na biya kuɗin aiki, na biya na mai. Mota ta yi daɗi, har na ɗauki iyali muka je biki Funtuwa muka dawo.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ba a jima ba fizgar ta dawo, har ta fi ta da. Na koma masa, ya ce ai giyar da aka sayar mana ce ba ta da kyau. Mai kaya kuma ya ce lokacin da ya ba mu ya wuce. Kowa ya zame, aka bar ni da mota a ƙofar gida.

Wani dattijo ne maƙwabcina, tsohon direba, ya ce in buɗe masa ya gani. Da ya zaro gejin, wallahi man ya koma kamar shayi mai madara. Ya buɗe murfin lagireto, ga mai yana yawo a saman ruwa. Ya ce Alhaji, ba giya ce ta kashe kanta ba. Man giya yana bi ta cikin wani bututu a gindin lagireto don ya huce, bututun ne ya fashe, ruwa yana shiga giya. Fayiba kuwa in ta sha ruwa gam ɗinta sakewa yake, shi ke nan. Wato abin da ya cinye ta farko shi ya cinye ta biyu, kuma mutumin da na biya bai leƙa lagireton ba, bai wanke bututan ba, ya jona sabuwar giya a kan tsohuwar cuta. Giya biyu na rasa a kan lagireto ɗaya. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, ba don kuɗin kaɗai ba, don ko haƙuri bai ba ni ba.

Duk wanda zai taɓa maka motar nan, ka tsaya a kansa ya nuna maka dalilin da ya sa ta lalace kafin ya sauke ta.

Maman Ilham: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Alhaji.

Abu Sadik: Amin. Wannan ai zalunci ne.

Oga Muciya: Alhaji, ranka ya daɗe, abin da aka yi maka bai dace ba, ban goyi bayansa ba. Amma a riƙa yi mana adalci. Mutum zai shekara da shekaru bai canja man giya ba, in ya tashi sai ya sayi na gefen titi a gorar ruwa, babu suna babu lamba. Mota ta fara santsi ya ci gaba da dannawa har Kano. Sai ta ƙone ƙurmus ya kawo mana, ya ce a gyara da araha kuma yau yake so. Ka ce masa a je a sa na'ura ya ce kana neman cin kuɗinsa.

Na Gyallesu: Oga, ai ku ne kuke cewa kada a canja man, wai in an canja giya mutuwa take.

Oga Muciya: Ni ban taɓa faɗa wa kowa haka ba.

Na Gyallesu: Yaranka fa?

Injiniya Samaru: Maganar tana da tushe, amma an juya ta. Giyar da fayibarta ta riga ta cinye, garin fayibar da ke cikin tsohon man shi ke ɗan taimaka mata ta kama. In ka zuba sabo sai santsin ya fito fili, a ce sabon mai ne ya kashe ta, alhali ta daɗe da tafiya. A Accord irin ta Baban Nana in ka kwance kusar ƙasa kusan lita 3 ke fita, bai kai rabin abin da ke ciki ba. Shi ya sa ake zubarwa a cika, a ɗan yi tafiya, a sake, har sau uku. Kada a yarda a tura mata wani sinadarin wanki da inji. Kusar tana da maganaɗisu, a duba ta: laushin toka-toka ba komai, amma in ka ga ɓarɓashin ƙarfe, aiki ya girma. Man kuma na Honda za a sa, da Z1 ne, yanzu DW-1 ya maye gurbinsa. Camry irin ta Alhaji T-IV take sha.

Baban Nana: Na duba yanzu da na dawo daga masallaci. Yana ƙasa da alamar farko, ya yi ruwan ƙasa, akwai ɗan wari amma ba sosai ba. Lagireto babu mai a ciki.

Injiniya Samaru: Alhamdulillah da lagireto. Mai ba ya raguwa haka kawai, akwai inda yake yoyo, a duba sil ɗin shaf da bututan. A cika, a je na'ura. In ta nuna P0847 ko P0848, sensan matsin giya ta uku ne, daga waje ake canja shi ba a sauke komai. In P0730 ce kuma santsin bai daina ba bayan an canja mai, gaskiya ka fara shiri, fayiba ce.

Maman Ilham: Injiniya, don Allah ni ma Corolla ta ce, in na sa ribas da safe sai ta yi ƙara gum. Ita ma giyar ce?

Ɗan Kano: Baban Nana, in ta kai ga sayen giya ka zo Ƙofar Ruwa in raka ka, Bazazzagi. Ba na karɓar la'ada, shayi kawai.

Abu Sadik: Panteka ta Kaduna ta fi masa kusa. Ko ina ne dai, ya tafi da lambar da ke jikin tsohuwar giyar. Accord ta 2004 akwai ta Amurka akwai ta Turai, ga mai silinda shida, ba giya ɗaya ba ce.

Malam Basawa: Kuma in ta tsaya maka a hanya kada ka bari a ja ta da igiya tun daga Shika tayoyin gaba na ƙasa. In inji a kashe yake famfon mai ba ya aiki, cikin giyar a bushe yake juyawa. A nemi janwe ya ɗaga gaban.

Na Gyallesu: Shi ya sa ni da Golf 3 ɗina mai kulochi sai mutuwa. In batir ya ƙi, yaran unguwa su tura.

Oga Muciya: Kai da kake zuwa min da kulochi a ƙone duk bayan salla?

Na Gyallesu: Oga, a bar tone-tone 😂

Malam Basawa: Masu 406 otomatik fa, akwai wanda ya samu mai canja solonoyid na giyarta, AL4, a garin nan? Tawa in ta yi zafi sai ta maƙale a giya ta uku, fitilu biyu na giya suna ƙiftawa.

Oga Muciya: Malam, kawo ta gobe bayan azahar in gani. Amma ka sani ita ba ta da geji, sai an ɗaga ta ake auna man.

Ɗan Kano: Wa ya san inda ake samun DW-1 na gaske? Jabu ya cika kasuwa, har robar iri ɗaya.

Maman Ilham: Jama'a ba a ba ni amsa ba fa.

Abu Sadik: Yi haƙuri Hajiya. In ƙarar ce kawai kuma tana kamawa nan take, a fara duba robobin da inji ke zaune a kai. Ki taka birki wani ya tsaya a gefe bonet a buɗe, ki sa ribas, in ya ga injin ya yi tsalle to su ne.

Maman Ilham: Na gode, zan sa Baban Ilham ya duba in ya dawo daga Kongo.