Neman shawara: in sauko daga dutsen Tubkal a kan katakon zamiya a watan Afrilu?

Ɗalibi a Marrakesh:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata ta uku ke nan ina karatu a Maroko. Da sanyin bana na je Ukaimeden sau huɗu na koyi zamiya a kan dusar ƙanƙara, har na iya juyawa da tsayawa ba faɗuwa. Yanzu abokan karatuna biyu sun ce mu hau Tubkal farkon Afrilu, mu sauko a kan katako. Duk ranar da gari ya yi garau ina hango duwatsun Atlas fari fat daga saman gidanmu, raina ya biya ƙwarai. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya ba ni shawara.

Yayanku na Kasabalanka:
Wa alaikumus salam ƙanena. Sau biyu na hau shi, ɗaya a watan Maris. Ukaimeden fili ne da aka tanada, ga mutane, ga na'urar da ke ɗaga ka sama. Tubkal kuwa mita 4,167 ne, babu wanda ya fi shi tsawo a Arewacin Afirka, kuma ba mai share maka hanya. Daga ƙauyen Imlil za ka taka, ka wuce Sidi Shamharush, wajen awa biyar zuwa shida kafin ka kai masaukin da ke kusan mita 3,200. Alfadarai kan ɗauki kaya, amma inda ƙanƙara ta fara nan suke tsayawa.

Abin da ya fi damuna shi ne yanayin Afrilu. Da asuba ƙanƙarar ta daskare kamar gilashi. In ka zame a gangaren da ke saman masaukin, ba abin da zai tare ka sai duwatsu. In rana ta take kuma ta jiƙe ta yi nauyi, a lokacin ne take zaftarowa. Tsakanin biyun akwai ɗan lokaci da hantsi da samanta ke laushi, shi masu abin suke farauta, shi ya sa suke fita da fitila a goshi tun kafin alfijir. Gane wannan lokacin ba aikin zuwa huɗu ba ne. Ka hau da ƙafa bana, da ƙarafa masu haƙora a takalmi da gatarin ƙanƙara a hannu.

Ma'aikaciyar jinya daga Zinder:
Ɗan uwa, ka kula da ciwon tsauni. Iska ta yi ƙaranci a can, sai ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci. In ya tsananta, maganinsa saukowa, kar ka ce za ka daure. Ka sha ruwa sosai, ka sa baƙin tabarau mai kyau, don hasken ƙanƙara yana ƙona ido.

Baban 'yan biyu:
Tun bayan kisan wasu mata biyu 'yan yawon buɗe ido kusa da Imlil a Disambar 2018, ba a barin kowa ya hau sai da ɗan jagora, kuma ana duba takardu a hanya. Ka riƙe fasfo ɗinka. Su abokan naka, suna da na'urar gano wanda ƙanƙara ta binne, da shebur da sandar lalube? Sun iya aiki da su? Sannan yaro, iyayenka sun sani?

Ɗalibi a Marrakesh:
Baba, gaskiya ban faɗa musu ba, amma yau zan kira Hajiya. Na tambayi abokan, ba su da na'urar. Yaya na gode, da ƙafa zan hau in sha Allah. Takalmin da ƙarafan, ana samun haya a Imlil ko in nema tun daga nan?

Yayanku na Kasabalanka:
Akwai haya a Imlil. Ka gwada ƙarafan a kan takalmin tun a shago, ka ɗaure ka taka ka ji sun zauna daram. Ka tafi da safa mai kauri ƙafa biyu.