Muhawara: Kuɗi ne ke riƙe 'yan wasan kulob ɗin unguwa?

Ma'aji: Ra'ayina shi ne kulob ɗin unguwa ba zai samu tsayayyun 'yan wasa ba sai da kuɗi. A rajista mutum talatin, ranar wasa da ƙyar a haɗa goma. Mai jan adaidaita sahu yana da balas ɗin da zai kai wa mai keke da yamma, yaron shago a Kantin Kwari kuma ba ya motsawa sai maigida ya rufe. In ba ka mayar masa da abin da zai rasa ba, me zai kawo shi fili?

Koci: Ma'aji, ban yarda ba. Kuɗi 'yan haya yake jawowa, gobe wata unguwa ta ƙara musu kaɗan su sauya riga. Ɓarnar daga rajistar take. Mutum 11 ne ke shiga fili, don haka yaron da ya yi wata guda a benci ba zai amsa kiranka ranar da ka matsu ba. A tsaya a kan 18: gola biyu, 'yan baya shida, 'yan tsakiya shida, 'yan gaba huɗu. Atisaye uku a mako, wanda bai halarci biyu ba ba zai fara wasa ba, ko da shi ne gwanin unguwa. A nan yawancinmu ke karaya. Wasa mai zafi ya zo, sai a ɗauko gwanin da ba a gani ba duk mako, a ajiye mai zuwa kullum. Sauran suna kallo, kuma mako mai zuwa rabinsu ba za su zo ba.

Alƙalin wasa: A doka, ƙungiyar da ba ta kai mutum bakwai ba, ba a fara wasa da ita. Amma wanda ya fi tsayar da wasan unguwa shi ne gola. Kulob da yawa ɗaya gare su, in ya makara sai a cusa ɗan baya a raga.

Ɗan agaji: Koci ya yi gaskiya, haka abin yake a aikin gayya. In aka ce "kowa ya fito yashe kwata kafin damina", kowa zai bar wa wani. Sai an raba aiki da suna: wane ya aro baro da shebur, wane ya kama layin masallaci da mutum huɗu, wane ya nemo motar kwashe shara. In ba a shirya motar ba, ruwan farko zai mayar da dattin cikin kwata, kuma ba mai sake fitowa.

Ma'aji: Malam, motar da ka ambata ai ba kyauta take zuwa ba. Ga kuma jinya. Yaro ya yi targaɗe ko karaya a wasan kulob, aka bar iyayensa da mai ɗori. Ba shi kaɗai aka rasa ba, iyayen abokansa ma za su hana nasu.

Koci: Wannan kam na karɓa, amma asusun jinya daban, biyan ɗan wasa daban. A yi karo-karo duk mako, a rubuta a littafi, mutum biyu su sa hannu kafin a fitar da ko sisi, a karanta lissafin gaban kowa ƙarshen wata. Ruwa, ƙwallo, mota da jinya, shi ke nan.

Ma'aji: To damina fa, Koci? Masu komawa ƙauye noma za su rage maka 18 ɗin zuwa 12. Ni dai zan riƙe 22, a riƙa juya benci a wasannin sada zumunta, mai balas kuma a biya masa rabi ranar gasa.