Wa ya taɓa shiga ruwan Silfra? Ina neman shawara kafin Nuwamba

Abban Sumayya: Salamu alaikum jama'a. In Allah ya yarda ƙarshen Nuwamba za mu je Aislan, ni da uwargida da ƙanena, kuma mun sa Silfra, tsagin dutsen nan mai cike da ruwan sanyi da ake nutso da iyo a ciki, cikin tsarin tafiyar. Ni ina da shaidar nutso ta matakin farko, na nutsa sau goma sha biyar, duk a Bahar Maliya. Su biyun iyo kawai suka iya. Ni in yi rajistar nutso da tulun iska su kuma su yi iyon sama da bututu, ko mu haɗu gaba ɗaya a iyon saman? Sannan me da me ya kamata mu riƙe?

Ɗan Ruwa: Wa'alaikumus salam. Ka taɓa sa busasshiyar riga, wato rigar nutso da ba ta barin ruwa ya taɓa jiki?

Abban Sumayya: A'a, ta roba mai jiƙewa kaɗai na sani, mai kaurin milimita 3.

Ɗan Ruwa: To ba za su bar ka ka nutsa ba. Ƙa'idar wurin ita ce ka nuna shaidar horon busasshiyar riga, ko kuma littafin da kake rubuta nutsonka ya nuna ka nutsa da ita sau 10 cikin shekara biyu da suka wuce, da sa hannun mai koyarwa. Ruwan yana tsakanin digiri 2 zuwa 4 ne rani da hunturu. Milimita 3 ɗin nan taka ko ƙafa ba za ka tsoma da ita ba.

Injiniya Habu: Abban Sumayya, ka saurare ni, don ni na ɗanɗana. Ina da shaidar da Ɗan Ruwa yake faɗa, amma horon kwana ɗaya na yi, na ajiye takarda, sai bayan shekara ɗaya da rabi na sake ganin rigar, a filin ajiye motoci na Tingbelir, yankin da Silfra yake, iska tana kaɗawa kamar za ta tsinke kunne.

Kuskurena na farko singileti na auduga da na sa a can ciki. An rubuto mana cewa ulu ko kayan sanyi na roba za a sa, na ɗauka ƙaramin abu ne. Kafin ka gama sa riga, ka ɗauki tulu da dalmar da ke ƙara maka nauyi a ruwa ka taka zuwa matakalar shiga, ka yi gumi. Auduga ta shanye gumin ta riƙe, tana manne da fata, ruwan sanyi kuma yana danna ta daga waje. Minti goma ban yi ba bayana ya zama kamar an ɗora ƙanƙara.

Na biyu, robar wuya. Tun a waje na ji ta yi min sako-sako, yatsa biyu suna shiga ba wahala. Jagoranmu yana ta sauri saboda wata ƙungiya na jiran layi a bayanmu, ba zan kama sunan kamfanin ba, amma bai tsaya ya duba wuyan kowa ɗaya bayan ɗaya ba. Ni ma na yi shiru don kada a ce ni na tsayar da mutane. Duk sanda na ɗaga kai in kalli sama, sai in ji ruwa ya zubo ta wuya ya gangara ƙirji.

Na uku shi ne wanda ya tsorata ni. Silfra ba rami ɗaya ba ne da za ka sauka ka zauna a zurfi guda. Za ka sauka, sai duwatsu su taso ka hau kusan saman ruwa ka tsallake, ka sake sauka. Kowa a nan ya san a mita goman farko iska ta fi saurin kumbura. Ina hawa ɗaya daga cikin wuraren nan ban ɗaga kafaɗar hagu, inda mafitar iskar rigar take, da wuri iskar ta fita ba, ta gudu ƙafafu, ƙafafuna suka yi sama kaina ƙasa. An koya min yadda ake dunƙulewa a juya, amma hannu ya sandare, kai ya ɗaure, abin da na koya a wurin wanka ya ɓace. Jagoran ne ya cafko ni ya miƙar. Allah ya taimaka wurin ba zurfi. Na fito ina rawar ɗari, maɓallin rigata ma wani ne ya ɓalle min.

Wurin yana da kyau, wannan ba gardama. Amma rabin nutson ban ga komai ba, lissafin yadda zan fita nake. In kana son nutsewa ka yi horon tun yanzu, ka ƙara nutso uku ko huɗu da rigar kafin tafiya. In lokaci bai ba ka ba, ka bi iyalinka a sama.

Abban Sumayya: Subhanallahi. Allah ya ƙara kiyayewa Injiniya. Wannan ya sa na sake tunani.

Maman Hanifa: Ni iyon saman na yi, kuma wallahi ban ji na rasa komai ba. Ruwan garau yake, ana hangen abin da ya haura mita 100, daga sama kana ganin ƙasan tsagin tar. Rigar da kanta take ɗaga mutum, ga ɗan igiyar ruwa tana tura ka a hankali, kusan kwanciya kawai za ka yi. Ka faɗa wa uwargida ta yi kitso kwantacce, ta cire ɗan kunne da sarƙa saboda robar wuya, ta sa safar ulu biyu. Kayan sanyinta na ciki ta sako su tun daga masauki, a kansu ake ɗora sauran. Fuska da hannu dai za su jiƙe, leɓe zai mutu na ɗan lokaci, sai ta yi haƙuri da mintunan farko.

Sadiya K.: Anti, mai sa tabarau fa?

Maman Hanifa: Ba ya shiga cikin gilashin fuska. Sai dai ki sa na cikin ido, ko ki je da gilashinki na ruwa da aka yi daidai da idonki.

Bala Mai Kamara: Abin da ya fi burge ni hoton nan da ake yi, hannu ɗaya a Amurka ɗaya a Turai.

Malam Tukur: Wannan maganar 'yan talla ce Bala. Silfra tsagi ɗaya ne cikin tsagogi da yawa a wani kwari mai faɗin kilomitoci, kwarin gaba ɗaya shi ne tsakanin faifan ɓawon ƙasa na Arewacin Amurka da na Turai da Asiya. Suna rabuwa kamar santimita 2 a shekara, wannan gaskiya ne. Amma bangon dama da na hagu da ka taɓa ba nahiya biyu ka dafa ba.

Bala Mai Kamara: Malam, ka bar mu da hotonmu mana. Jagoran da kansa ya faɗa.

Malam Tukur: Jagora iyo ya iya, ba ilimin duwatsu ba.

Ɗan Ruwa: Ku biyun nan kullum. Mutum ya tambayi abin da zai riƙe.

Dakta Zainab: Bari in sa baki ta ɓangarena. Takardar lafiyar da za su turo, don Allah a cika ta da gaskiya, har masu iyon sama. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska ninki ashirin da wani abu. Da sanyi ya bugi fuska mutum yakan ja numfashi ba shiri, ya yi ta haki na minti ɗaya zuwa uku, jijiyoyin fata su tsuke, hawan jini ya ɗaga. Mai lafiya zai wuce wannan in ya natsu yana fitar da numfashi a hankali. Mai ciwon zuciya, mai asma, mai farfaɗiya, mai hawan jinin da bai daidaita ba, ya ga likitansa tukuna ya karɓo takarda. Mai juna biyu ba ta shiga sam. A ci abinci kafin a je, kada a shiga da yunwa. Kuma a zaga bayi kafin a sa riga, domin sanyi da matsin ruwa suna sa fitsari, rigar kuwa in an rufe an rufe.

Ga mai nutso da tulu: bayan nutso ɗaya a jira aƙalla awa 12 kafin hawa jirgi, in an yi fiye da ɗaya awa 18. Tafkunan ruwan zafin ƙasar nan ma kada a fito daga nutso a faɗa ciki kai tsaye, a ba jiki lokaci.

Abban Sumayya: Na gode Dakta. Ƙanena yana da asma tun yana yaro, amma ya daɗe bai yi ba.

Dakta Zainab: Ya rubuta ta duk da haka. Iska mai sanyi tana tayar da wadda ta kwanta.

Ɗan Ruwa: In ka yi horon ka yanke shawarar nutsewa, ga abin da ba a damuwa da shi a Bahar Maliya. Abin shaƙar iska yana iya daskarewa ya buɗe ya yi ta fesowa. Iska in ta fito daga tulu tana saki tana ƙara sanyi, ruwan kuma ba gishiri, kaɗan ya rage ya zama ƙanƙara. Kada ka yi ta shaƙa a waje kana gwaji, kada ka danna maɓallin gabansa mai feso iska ba dalili, kuma kada ka cika riga da iska da dogon dannawa daidai lokacin da kake jan numfashi. Ka yi amfani da nasu, na ruwan sanyi ne, naka ka bar shi a gida. Za ka ɗauki dalma fiye da yadda ka saba. Iyakar zurfin da aka yarda mita 18.

Malam Tukur: Kuma ruwan daga ƙanƙarar Langyokul yake, yana tacewa ta cikin duwatsun aman wuta shekaru gommai kafin ya ɓullo. Ana iya sha.

Maman Hanifa: Na sha, daɗi gare shi, sai dai haƙori ya amsa.

Injiniya Habu: Wani abu da na manta. Ƙarshen Nuwamba hasken rana kaɗan ne, awa biyar ko kusa da haka, ku nemi lokacin tsakiyar rana. Kuma sanyin da ya fi cin mutum ba na cikin ruwa ba ne, na tsayuwa a waje ne da dawowa a ƙafa da jiƙaƙƙen hannu. Ku ajiye hula, safar hannu busasshiya da cikakkun kayan canji a mota, ko da an ce rigar ba ta yoyo.

Bala Mai Kamara: Batirin kamara ku sa a aljihun ciki har sai za a shiga, sanyi yana cinye caji. Kuma da safar hannun nan mai yatsa uku da ake shiga ruwan da ita ba a iya danna ƙananan maɓallai, ku saita komai tun a waje.

Sadiya K.: Gemu yana hana gilashi kamawa da gaske ne? Maigida ne ke tambaya.

Ɗan Ruwa: Gashin baki ne matsalar, ba gemu ba. Ya rage na ƙarƙashin hanci kaɗan.

Abban Sumayya: Na tura saƙo inda na yi horona ko suna koyar da busasshiyar riga, ina jiran amsa. Uwargida kuma ta karanta na Injiniya ta ce ita dai mu uku a sama.

Malam Tukur: Bala, ka turo hoton nan in nuna maka inda gefen kwarin yake a bayanka.