Wai zaƙi ne ke kawo basir?

Tela: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau abin ya kai ni maƙura. Shekara biyu cur ban sa sukari a bakina ba. Shayi lami, koko lami, ko rake na gani sai in kau da kai, duk don wani mai magani a mota da lasifika ya ce zaƙi ne ya sa min basir. Jarka nawa na shanye ta tsimi mai ɗaci, na daina ƙirgawa. Jiya na zaga, ina miƙewa na ga jini ja jawur a jikin masai, gabana ya faɗi, na nufi asibiti. Likita bai ambaci sukari ba ko sau ɗaya. Tambayarsa ita ce: sau nawa kake fita a sati, da tauri ko da laushi, kana yunƙuri? Na ce ina yin kwana uku ban zaga ba, in na shiga kuwa nishi nake kamar mai naƙuda. Ya ce to ga tushen ciwonka nan. Maganar zaƙi camfi ce, an cuce mu.

Jikan Wanzami: Camfi? Tela ka iya bakinka. Iyaye da kakanni da suka rayu ba su san ƙofar asibiti ba, su ne masu camfi?

Tela: Ban ambaci kakan kowa ba. Mai lasifika na ce.

Baba Malam: Ɗana, kalmar ta yi nauyi. Camfi shi ne a ce shara da dare tana korar arziki. Amma wanda ya sha abu ya ga ya tayar masa da ciwo, ai gwaji ya yi. Ka sake kalma.

Direba: Ni shaida ne, Baba. Na sha lemon kwalba biyu a hanyar Legas, kafin mu kai Jebba zama ya gagare ni, sai da na naɗe bargo na ɗora a kujera.

Anti Nas: Yaya Direba, Allah ya ƙara sauƙi. A tafiyar me ka ci?

Direba: Abin da ake samu a hanya. Burodi, taliya da ƙwai, tsire. Ruwa ba na sha da yawa don kada in riƙa tsayawa.

Anti Nas: To ka lissafa da kanka. Kwana biyu a zaune, ba ganye, ba wake, ba ruwa, kuma in ya matsa ka riƙe sai an kai tasha. Kowane mutum yana da wasu jijiyoyin jini masu taushi kamar matashi a ƙarshen dubura, suna taimakawa wajen riƙe iska da bahaya. Basir shi ne su kumbura ko su zazzago saboda matsi. Matsin yana zuwa daga bahaya mai tauri, yunƙuri, daɗewa a kan masai, ɗaukar kaya masu nauyi, ƙiba, juna biyu, da girma. Gudawa mai naci ma tana tayar da shi, shi ya sa tsimin da ke sa mutum zawayi kullum yakan ƙara dagula lamarin. Sukari yana da nasa laifin a haƙori da ƙiba da ciwon suga, amma ba shi ke kumbura waɗannan jijiyoyin ba. Akwai kuma magungunan da ke ɗaure ciki, irin su tiramadol da kodin.

Direba: Tsaya Anti. Kina nufin direbobi 'yan ƙwaya ne?

Anti Nas: Subhanallahi, ban faɗa ba. Lissafi nake yi.

Direba: Me ya sa sai a amsata kika kawo shi? Shekara goma sha bakwai ina tuƙi, ko goro ba na ci. Tun 2018 gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, amma har yau da an ce ƙwaya sai a kalli direba.

Ɗan Kwari: Gaskiya ana yi wa direbobi kuɗin goro. Mahaifina direba ne.

Maman Biyu: Ku bar Anti ta yi bayani don Allah. Ni a cikin 'yan biyu ya fito min, wata na bakwai, ga ƙwayar ƙarin jini tana ɗaure min ciki. Ba wanda ya hana ni zaƙi. An ce in yawaita ruwa, in ci gwanda da kwaɗon zogale, in riƙa zama cikin ruwan ɗumi a baho minti goma zuwa sha biyar. Bayan haihuwa da 'yan makonni ya lafa.

Ɗan Kwari: Hajiya, wannan zance a zauren maza da mata? A ɗan sakaya mana.

Maman Biyu: Ƙanena, kunyar nan ce ta sa mutane ke ɓoye jini shekara da shekaru. Tela ya faɗi nasa ba ka ce ya sakaya ba.

Jikan Wanzami: Mu koma kan camfi. Maganin da nake saya yana da lambar NAFDAC a jiki. Hukuma za ta ba camfi lamba?

Anti Nas: Lambar da ake ba maganin gargajiya tana nuna an duba ba shi da cutarwa ne. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk abin da aka jera a kwali.

Jikan Wanzami: Ku dai sana'arku kuke karewa. Asibiti ba ku san komai ba sai wuƙa.

Anti Nas: Basir na ciki mataki huɗu ne. Na farko jini kawai, ba ya leƙowa. Na biyu ya leƙo ya koma da kansa. Na uku sai an tura da yatsa. Na huɗu ya fito ya ƙi komawa. Akasarin masu na farko da na biyu gyaran ci da sha ke isar su. Wasu a ɗaure tsiron da ƙaramar roba ya bushe ya faɗi. Tiyata ta wanda abin ya yi nisa ce. Babba yana buƙatar giram 25 zuwa 30 a rana na abin da ake kira faiba, wato dusar hatsi, ɓawon wake da zaren ganye da ciki ba ya narkarwa. Muna da su a gida: wake, rama, zogale, kuɓewa, alayyahu, dabino, gero da dawa da ba a surfe su tas ba.

Baba Malam: Kin ga kin dawo gida, 'yata. Abincin kakanni ke nan. Masai na zama da wayar da yara ke shiga da ita su ne suka kawo mana wannan.

Ɗan Kwari: Baba, a ƙauyenmu ba masai na zama ko ɗaya, kuma mai maganin basir duk ranar kasuwa sai ya sayar da kayansa kaf.

Baba Malam: Wancan ɗan kanoma ne, daban yake.

Ɗan Kwari: A wurinmu abu ɗaya ne.

Jikan Wanzami: Ku mutanen ƙauye me kuka sani?

Admin: Ya isa haka. Ga abin da zaure ya tsaya a kai. Maganin gargajiya gado ne, ni kaina da saiwa mahaifiyata ta rene mu, ba za a kira shi camfi a nan ba. An yarda abincinmu na da ya fi na zamani. Zaƙi kowa ya rage, tunda ga shaidar Direba. Tela ya janye kalmarsa, Anti Nas ta ba direbobi haƙuri.

Anti Nas: Haƙuri na bayar, Yaya Direba. Amma Admin, ba a yarda zaƙi ke kawo shi ba. Kuma ka tsallake abin da ya fi damuna: ba kowane jini ne basir ba. Bahaya baƙi kamar kwalta, rama ba dalili, ko fita ta sauya ta ƙi daidaita, musamman ga wanda ya fara manyanta, a je a duba hanji. Ciwon daji na hanji yakan fara da jinin da ake ɗauka basir ne.

Tela: Baba Malam, da girmanka, amma ban janye ba. Shekara biyu na sha lami, jinin bai tsaya ba. Yanzu na ajiye gorar ruwa a gefen keke, duk awa ina miƙewa in taka zuwa bakin layi. Alhamis zan koma a sake dubawa. Hajiya, don Allah zogalen dafawa ake yi kafin a kwaɗa da ƙuli?