Injin neman zinare: wanda ya taɓa riƙewa ya gaya mana abin da ya gani

Mai shago, Kurna:
Assalamu alaikum. Ni da ƙanena mun yi shekara biyu muna tara kuɗi, kuma ya matsa a kan mu sayi injin neman zinare ya tafi daji da shi. Ni ban ƙi ba, amma kuɗin nan guminmu ne, har da na babur ɗin da ya sayar. Na je wurin masu sayarwa uku a cikin gari, kowa da abin da yake gaya min. Wani ya ce nasa yana gani har mita goma a ƙasa, wani ya ce nasa ba ya kuka sai a kan gwal kaɗai. Ba talla nake nema ba. Wanda ya taɓa riƙe injin nan da hannunsa, ya sha rana da shi, don Allah ya gaya mana abin da ya gani, mai daɗi da marar daɗi.

Tsohon ɗan Djado, Fagge:
Wa alaikumus salam. Ɗana, wanda ya ce maka mita goma, kada ka koma shagonsa.

Na je Djado a 2014, shekarar da aka fara rububin zinare a can arewacin Nijar. Ta Agadez muka bi, muka wuce Dirku, mu shida da inji ɗaya, GPX 4500 na kamfanin Minelab na Ostireliya. Wata bakwai na yi. Abin da ya sa inji ya yi suna a wurin shi ne zinaren yana kusa da sama, kuma ƙwaya-ƙwaya ne, wani kamar ƙwayar gero, wani kamar wake, jefi-jefi a dace da mai girman dabino. Irin wannan shi inji yake ji. Ƙwayar da ba ta kai giram ba, in ta wuce taƙi ɗaya a ƙasa, da wuya ka ji ta. Babba kuwa za ka iya jin ta a kamu ɗaya ko fiye. Mafi zurfin da na tono da hannuna, ramin bai wuce gwiwata ba.

Shi ya sa ba a tsayawa ga injin kaɗai. Sai a kankare ƙasar sama da shebur, a bi da inji, a sake kankarewa, a sake bi. Wannan ne aikin, kuma shi ne abin da masu talla ba sa faɗa.

Har yau ina tuna sautin. Ba ƙara ba ce mai ƙarfi. Injin yana da wani ɗan zuuu da yake yi a kunnenka ba tsayawa, sai ka ji ya ɗan lanƙwasa kaɗan, kamar sauro ya gifta. Sai da na yi sati uku kafin kunnena ya fara rabewa. A sati ukun nan Allah kaɗai ya san abin da na taka na wuce. Wanda ya koya min wani Basudane ne, shi kan rufe ido in yana saurare. Lokacin da gwamnatin Nijar ta rufe wurin a 2017 na riga na dawo gida.

Mai gyaran lantarki, Sabon Gari:
Baba ya faɗi gaskiya. Ni ban taɓa zuwa daji ba, amma injinan da suka biyo ta teburina sun fi ƙarfin lissafina, don haka bari in yi magana a kan cikinsu.

Iri biyu ne manya. Akwai wanda ake kira VLF, akwai wanda ake kira PI, bisa dabarar da kowanne yake aiki da ita. VLF ba shi da nauyi, ya fi araha, kuma yana da kaifin ji a kan ƙananan ƙwayoyi na kusa da sama. Misalinsa Gold Monster 1000, ko Gold Bug 2 na Fisher, ko AT Gold na Garrett, su biyun nan na Amurka ne. Matsalar irin wannan gaba ɗaya ita ce ƙasa mai ƙarfe. Jar ƙasa da marmara irin tamu cike suke da ƙarfe, sai injin ya dinga kuka a kan ƙasar kanta. PI kuwa, irin su GPX 4500 da GPX 5000, yana harba wuta cikin faifan, wato zagayayyen ƙasan injin da ake bi da shi a kan ƙasa, ya yanke, sannan ya saurari abin da ya dawo. Wannan dabarar ce ta sa ƙasa mai ƙarfe ba ta dame shi sosai, kuma ya fi nitsawa. Amma ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma bai ƙware wajen raba ƙusa da gwal ba. Za ka tono gwangwani, za ka tono harsashi, za ka tono guntun waya.

Wanda ya ce maka injinsa ba ya kuka sai a kan gwal, ko dai bai san injin ba ko ya san abin da yake yi. Inji ƙarfe yake ji. Guntun dalma da ƙwayar gwal kusan murya ɗaya suke bayarwa, shi ya sa ma masu koyo suke binne dalma su yi gwaji da ita.

Abin da ya fi kawo min aiki: wayar faifai da ta tsinke daga ciki saboda ja da nannaɗewa, bakin caji da ƙura ta cinye, da batir da aka kashe da cajin janareta mai hawa da sauka. Waɗannan duk ana gyarawa. Wanda ba na iya yi wa komai shi ne jabu.

Direba, Rijiyar Lemo:
Maganar jabun nan ni ta faɗa wa. Ina rubutawa raina yana ɓaci har yanzu.

Wani ne ya kawo min shi a kwali, da leda, da takardu, da tambari, komai tsaf. Kuɗin bai kai rabin na kasuwa ba, ya ce mai shi ne ya matsu. A tsakar gidana ya kunna, ya cire zoben azurfa daga yatsansa ya gifta a gaban faifan, injin ya yi ƙara. Na sa makullin mota, ya yi ƙara. Na biya. Na sayar da filin da na saya a bayan gari na haɗa kuɗin inji da na guzuri.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a daji wajen Yawuri. Injin in ka ɗora shi a ƙasa ba ya yin shiru, duk yadda ka murɗa. Rana ta goma wani mai irin injin, na gaske, ya tausaya min. Ya ɗauko 'yar ƙwayar gwal daga cikin kwalbar magani, ya binne ta kamar yatsa huɗu, ya bi da nasa, muka ji. Na bi da nawa, babu bambanci tsakanin wurin da sauran fili. Ya karɓa ya ɗaga, ya ce ko nauyin ba ɗaya ba ne. Da na dawo na kai aka buɗe. Allon lantarkin da ke ciki ɗan ƙarami ne, an manne shi da gam, sauran akwatin fanko.

Wanda ya sayar min, layinsa a kashe har yau. Araha ba ta ado, na ji ana faɗa tun ina yaro, amma sai da ta ci min fili.

Mai gyaran lantarki, Sabon Gari:
Allah ya mayar maka da alheri, Malam. Abin ya daɗe. Tun lokacin rububin zinare na Sudan, wajen 2010, aka cika kasuwa da jabun GPX, har shi kamfanin da kansa ya koka a kai. Gwajin zobe a iska ba gwaji ba ne, ko injin wasan yara zai yi ƙara a kan zobe. Kuma gwaji a cikin gari ma yana ruɗi, don wayoyin wuta da taransifoma suna sa na gasken ma ya yi ta surutu. A fita bayan gari, a samu jar ƙasa, a binne abu ƙarami. Sannan a ɗauki lambar jikin injin a tabbatar da ita wurin dillalin da kamfani ya amince da shi kafin a biya ko sisi.

Uwar marayu, Ɗorayi:
Ni mace ce, ban riƙe inji ba, amma kuɗina ya riƙe. Adashe na ɗauka na haɗa da na ƙanin marigayi mijina, aka sayi ƙaramin, irin VLF ɗin da Malam ya ambata. Yarjejeniyarmu kashi uku ce: na inji, na mai aiki, na abinci da mota.

Gaskiya injin bai ba mu kunya ba. Shekara ɗaya da rabi bai taɓa tsayawa ba, sai faifai da aka sauya sau ɗaya. Tafiyar farko mai aikin ya dawo da giram biyu da ɗan wani abu a ƙulle cikin ledar farin ruwa. Na zuba a tafin hannuna, ƙanana ne kamar tsakin dawa, amma da nauyinsu. Na kai wa 'yan gwal da kaina aka auna a gabana. Tafiya ta biyu babu komai. Ta uku babu komai. Ta huɗu aka samu abin da ya rufe ramin biyun. Da na zauna na yi lissafi, uwar kuɗina ta dawo, ribar kuma ba ta fi wadda nake samu a sayar da atamfa ba, ga zullumi. Duk daren da wayarsa ba ta shiga ba na barci, saboda kowa ya san halin da dazukan Zamfara da Birnin Gwari suke ciki. Ni na ce a tsaya. Yanzu haya muke bayar da shi ga wanda muka sani.

Yayana mai tambaya, ka saka kuɗin mota da abinci da watannin da za a dawo hannu rabbana a cikin lissafinka. Kuɗin inji shi ne ƙarami.

Ɗalibin ilimin ƙasa, Kabuga:
Ina neman afuwar manya, ina da ƙari a kan maganar Baba. Djado daban, yawancin wurarenmu daban. Zinaren da ake haƙa a Anka da Bukkuyum da Maru, mafi yawansa gari ne a cikin farin dutse, sai an fasa an niƙa an wanke yake fitowa. Inji ba ya jin garin zinare. Na gwada da idona: mun ɗora faifai a kan buhun niƙaƙƙen dutse, shiru, aka wanke buhun nan a kasko aka samu abin sayarwa. Don haka kafin a tambayi wane inji, a tambayi mutanen wurin: ƙwaya kuke tsinta ko wanki kuke yi? In wanki ne, kuɗin inji asara ne komai kyansa.

Sannan niƙan nan shi ne ya jawo gubar dalma ta 2010 a Zamfara, wadda ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, don dutsen yana ɗauke da dalma, kuma ana kai shi cikin gida ana daka shi inda yara suke wasa. Duk wanda zai tafi, kada ya kawo dutse gida, kada ya shiga wurin iyali da kayan aikinsa.

Akwai kuma doka. Ma'adinai na gwamnatin tarayya ne a ƙarƙashin dokar 2007, kuma ana buƙatar lasisi ko shiga ƙungiyar masu haƙa da ke da rajista. An hana haƙa a Zamfara a 2019, sai a ƙarshen 2024 aka ɗage. Na san wanda aka ƙwace wa inji a hanya saboda ba shi da ko takarda ɗaya.

Tsohon ɗan Djado, Fagge:
Yaron nan ya yi karatu mai amfani. Amma kada a ce sam babu ƙwaya a ƙasar nan. Na tsinta a gefen tsofaffin ramuka, cikin ƙasar da masu haƙa suka zubar. Sai dai ba kamar can ba, wannan gaskiya ne.

Abu ɗaya da ban ji an taɓo ba: masu eriya. Wani abu ne kamar bindiga da 'yan sanduna, a ce yana nuno zinare daga kilomita. Na ga mutum uku da suka zo da shi Djado. Sandar takan juya ne duk inda hannun mai riƙon ya karkata. Sun yi ta haƙa inda ta nuna, ruwansu ya ƙare, ɗayansu a wurinmu ya ƙarasa yana ɗaukar shebur. A wurin da jarkar ruwa take da tsadar da take da ita a can, wannan ba ƙaramin zalunci ba ne.

Sai zafi. Daga hantsi zuwa la'asar mukan kashe inji mu rufe shi da bargo a ƙarƙashin mota. Da asuba da yamma ya fi natsuwa, kai ma kunnenka ya fi natsuwa. Da damina kuma, in hadari yana walƙiya ko daga nesa ne, za ka ji shi a kunne, gara ka haƙura. Kuma a tafi da batir biyu da faifan sola.

Mai shago, Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Malam direba, Allah ya musanya maka da abin da ya fi filin nan.

Jiya da daddare na karanta wa ƙanena duka. Da farko ransa bai so ba, amma da muka zo kan tambayar ƙwaya ko wanki sai ya yi shiru, don bai sani ba, labarin wurin a bakin abokinsa ya ji. Mun tsaya a kan zai fara bin wasu 'yan unguwarmu masu rajista ya yi wata ɗaya yana riƙe musu shebur, ya ga ƙasar, ya koyi sauraro. Kuɗin na nan a ajiye.

Hajiya ta Ɗorayi, in injinku yana gida ranar Asabar, ina roƙon a ba mu aronsa na yini ɗaya, za mu biya. Baba, in za ka samu dama mu ɗauke ka bayan sallar asuba mu fita ta hanyar Bichi, akwai jar ƙasa a gonar kawunmu. Na riga na samo guntun dalma wurin mai gyaran batir, na yanka shi gida uku.