Madeleine ɗina na yin tauri washegari, ya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar kek. Don Allah a taimaka min da shawara kan madeleine, ƙananan kek ɗin nan na Faransa masu zane a baya da ɗan tudu a gaba.

Da ɗuminsu laushi kamar auduga, amma washegari sai su yi tauri. Na rufe su a roba, suka yi gumi suna manne wa yatsa. Firji kuwa ƙara busar da su ya yi, ina jin bota ce ke daskarewa. An ce firiza, to wuta ba ta zama a unguwarmu.

Kuma ta yaya ake gane wanda ya lalace, ƙanshin botar ne ke canzawa ko sai fumfuna ta fito? Na walima ne ranar Asabar. Ko in ajiye kwaɓin a firji in gasa da asuba?