Shugabana ya ce in sa kwamfuta ta bi lambobin waya tana neman modem

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da na fara aikin tsaron kwamfuta a wata masana'anta a Amurka. Shugaban sashenmu yana zargin cewa 'yan kwangila sun bar tsofaffin modem, wato na'urorin da ke haɗa kwamfuta da layin waya, a kan layukan waya tun shekarun baya, wasu a jikin na'urar sanyaya gini, ta yadda duk wanda ya san lambar zai iya shigo mana ba tare da ya bi ta intanet ba. Ya ce in sa manhaja ta kira lambobi 10,000 bi da bi, alhali namu a ciki ba su wuce 300 ba, kuma da baki ya ba ni umarnin. Zuciyata ba ta kwanta ba, shi ya sa nake neman shawararku.

Wani injiniya ya amsa:
Wa'alaikumus salam, ƙanena. Aikin da kansa ba laifi ba ne, tsohuwar hanyar bincike ce da Turawa ke kira wardialing, sunan da ya samo asali daga fim ɗin WarGames na 1983, kuma masu tsaro sun daɗe suna yin ta da manhajoji irin su ToneLoc. Inda gizo ke saƙar shi ne sauran lambobi 9,700 ɗin da ba naku ba. Ka karɓi jerin layukanku daga takardun kuɗin waya, ka tsaya a kansu kaɗai, sannan ka nemi izini a rubuce daga wanda yake da ikon bayarwa, domin ranar da magana ta tashi, umarnin baki ba zai tsaya maka ba.

Wata mai karatun shari'a ta ƙara da cewa:
Malam, dokoki biyu ne a gabanka. Dokar kare masu waya ta 1991 ta hana amfani da na'urar da ke jera lambobi da kanta wajen kiran layukan gaggawa, ɗakunan marasa lafiya a asibiti da wayoyin salula ba tare da yardar mai su ba, kuma diyyar tana farawa daga dala 500 a kan kowane kira. Ta biyu ita ce dokar 1986 kan shiga kwamfuta ba izini: idan modem ɗin wani ya amsa har ka gwada kalmar sirri, ka shiga hurumin laifi. Ka kai maganar ga lauyan kamfani kafin ka taɓa komai.

Injiniyan ya dawo:
Ko da doka ta yi shiru, ka tuna da dattijuwar da wayarta za ta yi ƙara ƙarfe 2 na dare, ta ɗauka a firgice ta ji ba kowa. A layukanku ma ka sanar da masu kula da injina, domin tsohuwar na'ura tana iya tsayawa cak saboda kira ɗaya.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Gobe da safe zan rubuta wa shugaban nawa, in nemi jerin layukanmu da sa hannunsa.